Cusa da Sassaƙe: Maganin Dawaki a Ƙasar Batsari da Safana

Batsari tana kudu maso yamma da birnin Katsina, tafiyar kamar mil 30, nan ne mazaunin Sarkin Ruma. Safana kuwa tana kudu da ita, can Yariman Katsina ya ke zaune. Yamma da su duka biyu sai dajin Rugu, wanda ya miƙa har ya shiga ƙasar Zamfara. Wanda ya je waɗannan garuruwa yanzu babura zai tarar ko'ina, doki kuwa sai ɗai ɗai, a gidan hakimi ko dagaci ko wani mai sha'awa. Amma shekara 150 da suka wuce ba haka abin ya ke ba. A wancan zamani lafiyar doki ita ce lafiyar gari, don haka mutane suka mai da hankali ƙwarai ga abin da za su ba shi don kada ya kwanta, da abin da za su ba goɗiya don ta ɗauki ciki. Magungunan nan ba na Rumawa kaɗai ba ne, ko'ina a ƙasar Hausa an san su. Abin da ya sa wannan yanki ya cancanci a dube shi daban shi ne, a nan ne daji da makiyaya da yaƙi suka haɗu wuri guda, suka kuma daɗe tare.

Asalin al'amarin daga jihadi ne. Cikin 1807 Malam Ummarun Dallaje ya ci birnin Katsina, sarakunan Haɓe suka fita suka yi arewa. Wajen 1819 Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi, tun daga nan kuwa Katsina ta zama biyu, kowace tana ganin ita ce mai gaskiya. Mutanen Maraɗi suka haɗa kai da Gobirawan Tsibiri, suka riƙa kawo hari kudu. Hanyar da ta fi musu sauƙi ita ce ta yamma, ta cikin dajin da ke tsakanin Katsina da Zamfara, inda rundunar mahaya za ta iya wucewa ba a gan ta ba sai ta faɗa wa gari. Ko da ya ke Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya su a Gawakuke cikin 1836, harin bai mutu ba. A zamanin Sarkin Katsina Siddiku (1836 zuwa 1844) aka yi tawaye a yammacin ƙasar da goyon bayan Maraɗi, aka murƙushe shi da ƙarfi, garuruwa da yawa suka tashi, daji ya cinye gonakinsu. Daga baya kuma, a zamanin Ɗan Baskore na Maraɗi, hare-haren suka ƙara tsanani.

Akwai wanda ya ga wannan hali da idonsa ya kuma rubuta. Cikin watan Maris na 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda a ke kira Abdulkarimu, ya tashi daga Katsina zuwa Sakkwato cikin ayarin Galadiman Sakkwato. Ba su bi yamma kai tsaye ba saboda tsoro, sai suka karkata kudu ta Kuraye da Kurfi, suka sauka Zakka, wadda ke cikin ƙasar Safana yanzu. Daga Zakka suka shiga daji, suka yi doguwar tafiya har da ta dare don gudun rundunar Gobirawa, suka wuce kufai, kafin su fita wajen Bunka da Zurmi. Mai karatu ya tuna cewa wannan ayarin babban bafaden Sarkin Musulmi ne, da mahaya da makamai. To, ina ga talaka mai gona a bakin wannan daji?

Irin wannan yaƙi ba na daga ba ne, na sauri ne. Mahara su faɗa wa ƙauye da asuba, su kwashi mutane da dabbobi, su juya. In za a ƙwato abin da suka ɗauka sai a bi su nan take, mai bin sawu kuwa ba shi da abin dogara sai ƙafar dokinsa. Galibi da kaka da rani a ke fita, bayan an kau da amfanin gona, watau doki zai yi aikinsa mafi wuya ne daidai lokacin da ɗanyar ciyawa ta ke ƙarewa. Ga shi kuma da tsada. Tarihin Kano ya nuna tun zamanin Sarki Kanajeji a ke musayar dawaki da bayi, haka kuwa abin ya ci gaba har ƙarni na 19. Barden da dokinsa ya mutu ya koma dakare, ba lalle ne kuma ya sake samun wani ba sai ubangidansa ya ga dama. Saboda haka a barga ba a jiran ciwo ya zo. Abin da Hausawa ke cewa, rigakafi ya fi magani, a nan aiki ne na kullum, safe da yamma.

Harshe ma yana da shaidar da zai bayar. Kalmar doki tsohuwa ce a Hausa, jam'inta kuwa, dawaki, ya nuna asalinta dawki ne, shi ne kuma ya fito fili cikin sarautu irin su Madawaki da Ubandawaki. Amma in aka dubi kayan hawa sai a ga galibin sunayensu na Larabci ne. Linzami daga lijam, sirdi daga sarj, lifidi daga libd, likkafa kuwa daga rikab, har ta taho da harafin al- na Larabawa manne a gabanta. In aka koma wajen abinci da magani sai labari ya sake: dusa, harawa, ƙasari, kuka, marke, maɗaci, sabara, aduwa, bagaruwa, duk sunayen gida ne. 'Yan kaɗan da suka zo daga Larabci, kamar hulba da kanumfari da habbatussauda, kayan fatake ne da a ke saye a kasuwa, ba a daji a ke samunsu ba. Larabawa suna da tsohon ilmin jinyar dawaki da su ke kira baiɗara, sun kuma yi littattafai a kansa tun ƙarni na 9. Duk da haka sunayen nan suna nuna cewa kayan hawa ne suka ƙetaro hamada, amma abin da a ke zuba wa doki a ciki daga bayan gari aka samo shi, masu barga da makiyaya da maharba ne suka gano shi.

Da ya ke waɗannan mutane ba marubuta ba ne, abin da aka adana na saninsu a takarda wasu ne suka adana. Babba cikinsu shi ne Likita J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa farkon zuwan Turawa. Ya fid da littafin sunayen itatuwa da tsire-tsire na Hausa cikin 1916, sa'an nan cikin 1937 ya fid da babban littafinsa na tsire-tsire masu amfani na Afirka ta Yamma. Har itacen nan hano, wanda wasu ke kira ararraɓi, masana suka raɗa masa suna da sunansa, Boswellia dalzielii. Bayansa sai ƙamus na Bargery na 1934, wanda ya tara kalmomin doki masu yawa, har da sunayen launi irin su kili da akawal da danda da gunya da bidi. Duk wanda ya karanta waɗannan littattafai zai lura da yadda doki ke yawan fitowa cikin bayanin itatuwa, alama ce ta cewa mutanen da aka tambaya suna da shi a zuci.

Abin da ya fi kome muhimmanci cikin wannan sani shi ne cusa, ko cusar doki. Garin kuka ne, watau busasshen ganyenta da a ke miya da shi, a haɗa da dusa da kanwa, a kwaɓa da ruwa, a cura, a riƙa tura wa doki a baki da hannu. Daga wannan turawa sunan ya fito, don aikatau ɗin cusa ke nan aka mayar suna. A kan ba da ita don doki ya yi kyaun jiki, ya kuma jure tafiya mai nisa. In aka tambaya, shin cusa abinci ce ko magani, sai a ce tambayar ce ba ta dace da tunanin masu ita ba. Ba don doki ya ƙoshi a ke ba shi ba, don yana da dawa ko gero da harawa da ingirici. Ba kuma don ya kamu da wani ciwo ba. Tana tsakanin biyun, daidai wurin da kamfanonin zamanin nan su ke ajiye garin da su ke sayarwa cikin gwangwani da sunan ƙarin abinci.

Ilmin zamani ya ba da dalilin da zai sa a girmama wanda ya fara haɗa waɗannan abubuwa uku. Dusar hatsi tana da sinadarin fosfaras da yawa, amma kalsiyam ɗinta kaɗan ne. Dokin da aka ɗora wa dusa da hatsi zalla, jikinsa ya kan koma yana zarar kalsiyam daga ƙashi, har ƙasusuwan fuska su kumbura, ƙafafu su yi rauni, ya riƙa ɗingishi ba tare da an ga rauni ba. A Turai an daɗe da sanin wannan ciwo ga dawakin masu injin niƙa, don su ne ke da dusa a banza. Ganyen kuka kuwa yana cikin ganyayen da suka fi kowane kalsiyam a ƙasashen nan, ga kuma yauƙi mai tausasa hanji, abin da doki ke bukata ƙwarai da rani sa'ad da ba ya cin kome sai busasshe. Kanwa ita ce ke mayar masa da gishirin da ya zubar cikin gumi, ta kuma sa shi shan ruwa. Shamakin da bai taɓa jin sunan kalsiyam ba ya ga dai dokin da ke samun cusa gashinsa na sheƙi, ba ya kuma saurin gajiya, sai ya riƙe. Wannan ba sa'a ba ce, lura ce ta shekara da shekaru a kan dabbar da ba a iya sake da ita.

Cikin ukun nan kanwa ce kaɗai ba ta gida ba. Daga Mangari da Muniyo da bakin tafkin Cadi a ke kawo ta, akwai fara, akwai ja, akwai ungurnu, gishirin kantu kuwa ayarin Buzaye ke ɗauko shi daga Bilma. Paul Lovejoy ya yi littafi guda a kan wannan fatauci cikin 1986, ya nuna dabbobi ne ke cin babban kaso na abin da a ke haƙowa. Ashe ke nan bargar da ke Ruma ko Zakka tana rataye da hanyar da ta ratsa ƙasashen da wani lokaci a ke gaba da su. In hanya ta toshe, doki ya ji a jikinsa.

Bayan cusa sai masu ɗaci. Shugabansu maɗaci, wanda sunansa ma ya faɗi halinsa. A kan jiƙa sassaƙensa ko a dafa, a ba doki don ya buɗe masa ciki ya ci abinci, da kuma in yana zawo mai majina, a kan kuma wanke gyambo da ruwan. Marke an san shi da fid da tsutsar ciki ga doki da jaki. Bagaruwa, wadda majema ke jima da ita, tana ƙanƙance miki irin na sirdi, sa'an nan a bi da man kaɗanya. Filasko na wanke ciki ne, ga mutum da dabba, har Sarkin Musulmi Bello ya yi ɗan littafi da Larabci a kan amfaninsa ga mutane. Sabara kuwa, wadda ba a rasa ta a kowace saura, ana ba da ganyenta don ciwon ciki, ana kuma ƙona shi don hayaƙi. Waɗannan duka itatuwan wannan yanki ne, marke da maɗaci sun fi son ƙasa mai laima da bakin rafi, sabara da aduwa suna jigawa. Tsutsar ciki kuwa ba ƙaramin abu ba ce ga doki, ita ce babban dalilin rama da murɗar ciki, musamman ga dukushi. Duk abin da ya rage ta ya ƙara wa dabba ƙarfin da za ta yi fama da sauran cututtuka.

A nan ya kamata a yi hattara da kalma. Yanzu a kan ji ana cewa wannan ko wancan sassaƙe yana ƙara garkuwar jiki. Garkuwar jiki sabuwar magana ce, ta bazu ne tun daga shekarun 1980, sa'ad da gidajen rediyo ke neman yadda za su bayyana cuta mai karya ta. Kyakkyawar ƙira ce, an kuwa aro ta daga kayan yaƙin barden nan da a ke magana a kansa. Amma ba daidai ba ne a ɗauke ta a sa a bakin mutanen da. Su abin da su ke nema shi ne doki ya yi ƙarfi, ya yi jini, cikinsa ya wanku, sanyi kada ya kama shi. Kalmar magani kuma a wurinsu ta fi ta asibiti faɗi. Ta ɗauki abin warkarwa, ta ɗauki tsari, ta ɗauki makari. Layar da aka rataya wa ingarma a wuya don kambun baka da jiƙon maɗacin da aka ɗura masa da safe duk magani ne, mai dokin kuwa ba ya ganin ɗaya ya fi ɗaya. Mai nazarin da ya ɗauki sassaƙe ya yar da laya, don wai shi ne ya yi kama da kimiyya, ya riga ya sake abin da ya zo ya bincika.

Akwai kuma inda sassaƙe bai kai ba, gaskiya ce a faɗe ta. Na farko sammore. Ƙwayar cuta ce da ke shiga jini, tsando ke kai ta, doki kuwa ya fi saniya saurin mutuwa da ita. Tsando ya fi yawa kudu, wajen kurmi da rafuka masu duhuwa, shi ya sa dawakin da aka kai yaƙi wajen Gwari da kudancin Zazzau su kan dawo su yi ta rama har su faɗi. Akwai kuma wani irinta da bobuwa ke ɗauka daga raƙumi zuwa doki, wannan ba ya bukatar tsando. Har kwanan nan, binciken da masana na Zariya suka buga cikin 2002 ya nuna maɗaci ne kan gaba cikin abin da makiyayan Jihar Kaduna ke ba dabba mai sammore, an kuma ga ruwansa yana raunana ƙwayar a ɗakin gwaji. Amma raunana ƙwaya a kwalba daban, fid da ita daga jinin doki daban. Abin da ya tsare dawakin Katsina daga sammore, galibi, shi ne inda Allah ya ajiye ƙasar, arewa da mazaunin tsando.

Na biyu wata annoba ce da Turawa ke kira ciwon dawakin Afirka. Ramin da ke bisa idon doki ya kumbura, numfashi ya yi wuya, kumfa ta fito ta hanci, cikin 'yan kwanaki ya mutu. Wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu cizo da magariba da asuba ke yaɗa ta, da damina. Ba ta da magani har yau, sai allurar rigakafi. Duk da haka an ga dawakin ƙasar nan da yawa suna ɗauke da alamar sun taɓa haɗuwa da ita sun tsira, baƙin da aka kawo daga waje ne ta fi kashewa. Watau akwai juriya ta gado, wadda mai doki zai iya zaton jiƙonsa ne ya kawo. Amma fa wani abu da ya ke yi yana da amfani na gaske. Shigar da doki barga kafin faɗuwar rana, da tayar da hayaƙin sabara ko busasshen kashin dabba kusa da turke, suna korar ƙwarin nan daidai lokacin da su ke cizo. Wannan hayaƙi ya ceci dawaki fiye da yadda masu hura shi suka sani.

Dajin da ke ba da magani shi ne kuma ke ba da guba. Ganyen samberu yana kashe dabba, 'ya'yan rai-ɗore in sun gauraya da hatsi suna lalata tsoka da hantar doki, filasko ma in ya yi yawa ya kan jawo murɗa. Awo kuwa da tafin hannu ne da ludayi da ƙoƙo, alhali ƙarfin sassaƙe ya kan bambanta daga itace zuwa itace, daga rani zuwa damina. Saboda haka sanin sunan itace shi ne ƙaramin ɓangare na sana'ar. Babban ɓangaren yana hannun wanda ya daɗe yana yi, shi ne kuma ba ya shiga littafi.

Zancen haihuwa yana da nasa tsari. Manya ingarma su ke hawa, ba a kuwa saba dandaƙe doki ba, hawan goɗiya kuma ba abin alfahari ba ne ga basarake. Don haka ingarmu suna bargar sarakuna da barade, goɗiyoyi suna ƙauye da ruga, inda ciyawa ta ke, sai lokacin baye a haɗa su. An fi son jinin dawakin Azbin saboda sauri da juriya, da na Barno saboda girma, masu lissafin irin dawaki kuma sun rubuta wani iri a wannan sashe da sunan Sulluɓawa. Goɗiya tana neman doki kamar kowane kwana 21, tana ɗaukar ciki wata 11, ta kan kuma sake nema wajen kwana 9 bayan haihuwa. Lissafin nan kaɗai ya isa ya nuna inda matsala ta ke. Wadda aka ba baye farkon damina, cikin Yuni, za ta haihu cikin Mayu, tsakiyar bazara, ba ciyawa ba harawa. Wadda aka ba da kaka, cikin Oktoba, za ta haihu cikin Satumba, ga ɗanyar ciyawa har gwiwa. Ramammiyar goɗiya kuwa da wuya ta ɗauka, in ta ɗauka ma tana iya ɓari, ko ta haihu ba nono.

Wannan ya sa yawancin abin da a ke kira maganin haihuwa, in an tone shi, maganin rama ne. A ƙasashen Sahel an rubuta cewa makiyaya na sa ganyen sabara cikin abincin dabba don ta yi ƙiba, ta yi haihuwa, ta yi nono, uku ɗin a haɗe, haɗin kuwa ba na banza ba ne, don na farkon ne ke jawo sauran biyun. 'Ya'yan gawo, masu zubowa da rani sa'ad da ba kome a ƙasa, su ma aikinsu ke nan. Akwai kuma tsiron da aikinsa ya juya baya. Yaɗiya, wadda mutane ke kwaɗo da ita musamman shekarar yunwa, makiyayan arewacin Burkina Faso sun daɗe suna cewa tana rage haihuwar dawaki da jakuna da raƙuma. Masu bincike na can suka gwada ruwanta a kan mazan ɓeraye, suka buga cikin 2011 cewa maniyyinsu ya ragu. Ɓera ba doki ba ne, galibin gwaje-gwajen itatuwan nan kuwa a kan ɓeraye da tumaki aka yi su. Amma abin lura ne cewa makiyayi ne ya fara gani, masani ya biyo baya. Sauran abubuwan da ke hana haihuwa, kamar irin sammoren da ingarma ke shafa wa goɗiya wajen baye, ko ƙazantar mahaifa bayan wahalar haihuwa, ba jiƙon da ke kai musu.

Cikin 1903 Turawa suka ci Kano da Sakkwato, Katsina ta bi ba tare da yaƙi ba. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1904 da ta 1906 suka ja iyaka tsakanin Katsina da Maraɗi, hari ya tsaya, mutane suka fara komawa kufai. Doki ya rasa aikin da aka san shi da shi, amma bai rasa daraja ba. Hakimai da shi su ke rangadi, da shi a ke hawan salla da sukuwa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko (1906 zuwa 1944) ya kafa wasan ƙwallon doki a Katsina, ɗansa Sarki Usman Nagoggo (1944 zuwa 1981) ya zama gwanin da aka sani har ƙasashen waje. A irin waɗannan barguna ne tsohon sanin ya sami mafaka. Ma'aikatar likitan dabbobi kuwa, wadda ta fara a Zariya ta koma Vom cikin 1924, hankalinta ya fi karkata ga shanu, don su ne ke kawo jangali. Haka nan sa'ad da aka mai da dajin Ruma da Kukar Jangarai makiyaya ta hukuma cikin shekarun 1960, saniya aka yi wa tanadi. Sai cikin 1980 malaman Jami'ar Ahmadu Bello biyu, Nwude da Ibrahim, suka buga jerin tsire-tsiren da a ke jinyar dabbobi da su a Nijeriya. Lokacin nan allura da maganin tsutsa na kanti sun riga sun shiga kasuwannin ƙauye, sun kuwa fi jiƙo saurin aiki, ba mai musun wannan.

Da an bar abin ga sauyin zamani kaɗai, da sanin ya ragu a hankali, ya bar wa masu bincike lokacin da za su tattara shi. Malaman kwalejojin horon malamai da ke da ɗalibai daga wannan yanki suna iya yin aiki mai amfani in suka sa su tambayi tsofaffin masu barga, ba sunan itace kaɗai ba, har da wane gefe a ke sassaƙa, a wane wata, da awon da a ke ba dukushi da wanda a ke ba ingarma. Amma dajin ya sake rufewa. Fashin daji da satar shanu da suka taso a Zamfara wajen 2011 sun ƙetaro ta cikin Rugu, ta hanyar da mahayan Maraɗi suka bi, sai dai waɗannan bisa babura su ke. Ran 14 ga Fabrairu 2020 aka kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙasar Batsari. Ƙarshen Agusta 2021 Gwamnatin Jihar Katsina ta hana motoci ɗauko itace daga daji, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da na Batsari da Safana, cikin Satumba kuma aka yanke layin waya na ɗan lokaci. Maɗaci da ma tun 1998 yana cikin jerin itatuwan duniya da a ke jin tsoron ƙarewarsu, na bakin hanya kuwa da yawa an sassaƙe su har sun bushe. Kuka da dusa da kanwa ana samunsu a kowace kasuwa, cusa ba ta ɓace ba. Mutanen ƙauyukan bakin daji ne suka watse, waɗansu cikin garin Batsari, waɗansu birnin Katsina, waɗansu kuma suka ƙetare iyaka suka nemi mafaka a ƙasar Maraɗi.